Duhun Gefen Dama

Tsaya-Haka ba ya iya zama. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana ce wa jama'a su tsaya cak, kada su motsa, kada su ƙifta, shi ko abinci a tsaye yake ci. Daga wannan umarnin nasa laƙabin ya fito, ya bi shi har ya shafe sunansa na ainihi.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da aka raba da katako. A gaba akwai benci, da madubi mai tsaga, da ƙyallen bango mai zanen teku, wanda rabin unguwa suka tsaya a gabansa ba tare da sun taɓa ganin teku ba. A baya kuma ɗakin duhu ne, da jan ƙwan lantarki da warin ruwan magani. Tun yana saurayi yake yawon makarantu da gidajen biki da kyamara a wuya. Da ita ya yi aure, da ita ya aurar. Da wayoyi suka shigo, abokan sana'arsa suka koma sayar da caja, shi ya ƙi. Bai yi arziki ba, kuma ba shi da sauƙin hali. Abin da ya riƙe shi shi ne tsofaffin da har yau ba su yarda hoto ne ba sai sun riƙe shi a takarda.

Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya sauyawa. In zai ɗauki iyali, babban gida yake zaunarwa a gefen dama, sauran su jeru bisa shekaru. Shi ya sa da matsalar ta zo, a kan manya ta sauka.

Wani direba ne ya fara dawo da hoto. Ya ɗora shi a benci ya ce, "Malam, me tsohuwata ta yi maka?"

"Me ya faru?"

"Duba mana. Kowa ya fito tas, har kajin maƙwabta. Ita kuwa ka binne ta da ranta."

Tsaya-Haka ya kai hoton bakin ƙofa. Daga kafaɗar tsohuwar zuwa ƙarshen takarda duhu ne, kamar an shafa gawayi. Ya ce takarda ce ta lalace. Kafin wata ya ƙare aka dawo da na wani kaka, aka dawo da na shugaban makaranta, duk a gefen dama.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce. Ta daɗe tana gaya masa cewa yanar ido ta fara rufe idonsa na dama, wanda yake leƙa kyamara da shi, shi kuwa yana cewa ƙura ce. Da labarin hotunan ya kai mata, ta zo shagon da kayan aikinta a jiki.

"Baba, ba takarda ba ce. Idonka ne. Ko ka yarda a yi maka aiki, ko ka rufe wurin nan ka huta. Mai gyaran waya ma yana son ɗakin."

"Ido yana shiga fim ne? Karatun naku ke nan?"

Amsar ta yi daɗi a baki, amma ba ta kwantar masa da hankali ba. Da ido yake auna haske, da ido yake haɗa magani, da ido yake buga hoto a ƙarƙashin jan ƙwai. Kuma bai gaya wa kowa ba cewa kwanan nan kafaɗarsa ta dama tana yawan bugun ƙofa. Duhu a dama a hoto, duhu a dama a kansa. In ido ne, sana'a ta ƙare. Aikin ido kuwa yana tsoronsa kamar mutuwa, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Sai ya shiga farauta. Ya zubar da ruwan magani ya haɗa sabo, duhu bai tafi ba. Ya ɗaga fim ɗin ga haske ya ga aibin yana jikinsa tun kafin a buga, wato ba wajen bugu ba ne. Ya ce to haske ne ke satar shiga ta murfin baya, ya naɗe kyamarar da baƙin salatif.

Matarsa tela ce, kekenta yana cikin gida a bayan shagon. Ta dubi kyamarar ta ce, "Sannu. Karaya ta yi?"

"Ke dai yi ɗinkinki."

"Ina yi. Kai ne ka wuce ta gabana sau babu adadi, har zare ya fara yi mini jiri."

Salatif bai yi komai ba, kuma da ma ya sani. Hasken sata fari yake bari a hoto, ba baƙi ba. Ya ɓare shi yana tsaki. Ya daina cin abincin kirki. Ya fita bakin titi, ya dawo, ya buɗe ɗakin duhu, ya rufe, ya sake fita.

Wata safiya ya kwaso duk hotunan da suka lalace da waɗanda suka yi kyau, ya baza su a kan teburin yankan matarsa, a kan yadin mutane.

"Malam, wannan atamfar amarya ce fa."

"Ba cinye ta zan yi ba."

Yana zagaya teburin yana kai fuska kusa da kowane hoto, sai abu ya fara fitowa. Duk wanda aka ɗauka a cikin shago, gaban teku, lafiya lau. Na inuwa da na yamma ma haka. Waɗanda suka lalace duk na tsakar rana ne, lokacin da yake sa kyamarar ta ƙifta da sauri saboda ƙarfin haske. Sannan ya ci karo da hoton wani dogon ɗalibi, wanda saboda tsayinsa sai da ya juya kyamarar a tsaye. A wannan hoton duhun ba ya dama. Yana sama, ya cinye wa yaron hula.

Ya tsaya, abin da ba ya yi. Ranar da ya ɗauki ɗalibin bai juya kansa ba, kyamara ya juya, duhu kuma ya bi ta.

Ya cire gilashin gaba, ya buɗe murfin baya, ya fita tsakar gida ya ɗaga ta sama ya danna. Abin da ya gani walƙiya ce kawai a cikin hazo. Ya sake, haka. Dole ya kira matarsa.

"Zo ki leƙa nan. Me kika gani?"

"Haske."

"Ko'ina?"

"Sake dannawa. A'a. Wannan gefen bai buɗe ba."

Ya yi mata bayani. Labule biyu ne a ciki. Na farko ya ruga ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe, haske ya shiga ta tsakaninsu. Man da ke ciki ya bushe da tsufa, na farko yana gajiya kafin ya kai ƙarshe, na biyu ya cim masa. In a hankali ne ba a ganewa, sai an ce a yi sauri.

Ta ce, "Ashe irinmu ne. Kai kana gaba kana buɗewa, ni ina binka ina rufe ƙofofi."

Da Auta ta zo, ya tare ta tun daga titi da hoton ɗalibin. "Ga idon nawa! Gaya wa mai wayar ya nemi wani ɗakin."

Ta duba, ta saurara, ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Na yarda, Baba. To gyara ta."

Ya kifa kyamarar a tebur, ya cire farantin ƙasa. Sukurun da ke ɗaure ƙarfin labulen bai fi ƙwayar riɗi ba. Ya san inda yake, yatsunsa sun sani. Ya kai sukurudireba, ta zame. Ya koma bakin taga, ya rufe ido ɗaya, ya sake kaiwa, ta zame ta karce ƙarfen.

"Kawo in kai wa mai gyaran agogo," in ji Auta.

"Hannun wani bai taɓa shiga cikinta ba."

"To ni in riƙe maka," in ji matarsa. "Allura ma ina zura mata zare."

"Ke za ki ɗaure ta kamar wuyan riga."

Ya ajiye. Ya je ƙofa ya dawo. Ya gyara bencin da ba abin da ya same shi. Ya leƙa ɗakin duhu. Su biyun suka bar shi, don sun san in aka yi magana yanzu an ɓata. Can ya tsaya a bayan Auta, yana kallon bango.

"Wannan aikin idon, a kwance ake yi?"

"A kwance, Baba. Kuma ba motsi."

Matarsa ta ce, "Allah ya ba likita haƙuri."

An yi aikin. Kwanakin da aka hana shi sunkuyo da shiga rana, gidan bai ji daɗinsu ba. Da aka cire bandeji bai tsaya yaba hasken duniya ba, ya ce a miƙo masa kyamara. Ya wanke tsohon man, ya ɗiga sabo da bakin allura, ya juya sukurun kaɗan kaɗan yana leƙa sama, har gefen nan ya buɗe da idonsa yana gani.

Ya aika aka kira direban da tsohuwarsa. Ya jira rana ta take, ya zaunar da ita a gefen dama, ya daka musu tsawar da ya saba.

Hoton ya fito tas. Tsohuwar ta riƙe shi nesa, ta kawo shi kusa, ta ga kowane layi na fuskarta da gurbin haƙoranta.

"Wannan tsohuwar fa? Ni a ba ni na farkon, ya fi rufa mini asiri."

Bai ji ta ba. Ya riga ya rataya kyamara ya fita, akwai wani kaka da shugaban makaranta da zai nemo kafin rana ta karkata.