Rediyon Malam Idi a Kejin Matattu

Shekara goma sha tara na yi ina tsaron kantin Alhaji Sanusi a unguwar Barbès ta birnin Paris, kuma in aka ce in zaɓi rana ɗaya da ta ƙi gogewa a raina, Litinin ɗin da na zauna a bakin keji a Lyon zan zaɓa. Ku da kuka zo aiki bayana kuna jin labarin guntu-guntu, har wasu na cewa wai na mari Bature. Ban mari kowa ba. Ga yadda aka yi.

Kantin na ƙananan kayan lantarki ne: dutsen guga, butar shayi, injin markaɗe, fanka, rediyo, tukunyar shinkafa. Alhaji ne mai shi, kuma yana da na biyu a Lyon wanda ya fi namu girma. Ƙarƙashinsa akwai jeran, wato mai gudanar da kantunan biyu, Abdulkarim, ɗan ƙanensa, wanda ya yi karatun muhalli har ya samo dipiloma biyu. Sai Musa mai tuƙa kamiyo, wato motar ɗaukar kaya, sai ni. A takarda ni mai sayarwa ce. A zahiri ni ce idon kanti. Ban taɓa zama aji ba, amma ba a taɓa fita da ko batir ɗaya ban gani ba.

Wajen ƙarshen 2006 doka ta zo a kan matattun kayan lantarki. Abdulkarim ya tara mu, mu biyu da Musa, ya yi mana lacca kamar mu ɗari ne. Abin da na tsinta a ciki abu biyu ne. Na farko, duk abin da aka saya akwai ɗan kuɗi da ake ɗorawa a kan farashinsa, a rubuta shi daban, na kwashe shi in ya mutu. Wato ranar da ka sayi buta, ranar kake biyan kuɗin likkafaninta. Na biyu shi ake kira ɗaya da ɗaya: wanda ya sayi sabon dutsen guga yana da ikon bar mana tsohonsa, mu karɓa ba musu, ba ko sisi. Mu kuma mu tara, masu kwasa su zo su kai inda ake farfashe su, a ware ƙarfe, a ware roba, a ware dafin da ke ciki. Kantinmu ƙarami ne, masu kwasa kuwa ba sa tasowa sai kaya sun taru, don haka Musa ne zai riƙa kai namu Lyon, a zuba a babban kejin ƙarfe da ke bayan kantin can.

Aka ajiye akwati a bakin ƙofa, aka liƙa masa hoton kwandon shara da aka soke da gicciye.

Wanda ya rubuta dokar bai san mutanenmu ba. Rabin masu saye a wurinmu tsaraba suke saye, za ta Damagaram ko Maraɗi, to wane tsoho za su kawo? Sauran rabin kuwa ba su yarda akwai abin lantarki da ke mutuwa ba, suma dai yake yi. Mace za ta jefa dutsen guga da hantsi, kafin la'asar wata ta ɗauke shi tana cewa ai waya ce kawai ta tsinke. Abdulkarim ya ce wannan laifi ne, abin da ya shiga akwati ya zama shara, ba na kowa ba ne sai masu kwasa, ya ce in tsare. Na tsare. Da mutane suka ji cewa farfashewa ake yi, sai suka daina kawowa gaba ɗaya. Wata Hajiya ta rungume injin markaɗenta da ke warin ƙonewa, ta ce in dai don a daka shi ne, gara ya tsufa a gidanta. Akwati ya zauna wayam, har na soma ajiye silifas ɗin alwalata a ciki.

Abin da ya cika kullum shi ne kantar ajiya, a ɗakin baya. Wannan ba ta cikin kowace doka. Mutum zai kawo saƙo ya jira matafiyi, ko ya kawo abin gyara ya jira Malam Buba mai gyara, wanda ke zuwa duk Asabar. Ni ke riƙe da ita, kuma da zare nake rubutuna. Jan zare na gyara ne, kore na tafiya gida. Ƙulli ɗaya Damagaram, biyu Maraɗi, uku Tawa. Sunan mai kaya yana kaina. Ban taɓa ba wani kayan wani ba.

A shekara ta biyu da dokar, wata Talata, sai ga Baturiya daga ma'aikatar masu duba kantuna. Ta duba takardun farashi, ta tambaya ko muna karɓar tsofaffi, na ce muna karɓa in an ba mu. Ta leƙa akwati, ta ga silifas, ta yi ɗan murmushi, ta rubuta wani abu, ta gode mana ta tafi. Ba ta ce mun yi laifi ba. Amma murmushin nan ya hana Abdulkarim sukuni. Ya ce an yi masa dariya, shi mai dipiloman muhalli, kantinsa bai tara ko kilo ɗaya ba. Ga shi kuma ya riga ya kira masu kwasa su zo Lyon ranar Litinin, kejin can bai cika ba.

Ranar Juma'a na tafi asibiti a duba mini gwiwa. Asabar da safe na shiga ɗakin baya na tarar da kanta a share tas, har an goge ƙura. Kaya bakwai ne a kai, Abdulkarim ya kwashe su duka ya loda wa Musa don cike kejin Lyon. Shida daga ciki da kuɗi za a iya maye gurbinsu. Na bakwai rediyon Malam Idi ne.

Malam Idi dattijo ne, mutumin Tawa, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ɗaukar kaya a kasuwar Rungis. Shi ma bai yi boko ba, matarsa Hajara ma haka, don haka wasiƙarsu kaset ce: ta yi magana a ciki a gida, matafiyi ya kawo, shi ma ya yi ya mayar. Ta rasu shekara uku kafin wannan. Kaset ɗinta na ƙarshe shi ne ya maƙale a cikin rediyon, murfin ya ƙi buɗewa, shi kuma ya ji tsoron ya ja ya tsinke. Ya kawo mini da hannu biyu, na ɗaura jan zare a mariƙin, na ce ya dawo Asabar.

Ya dawo kuwa, da hularsa ta Juma'a. Muka gaisa, ya tambayi gwiwa, na tambayi sanyi. Ban iya kwana-kwana ba, na gaya masa gaskiya: rediyonsa yana Lyon cikin kejin matattu, jibi za a kai shi injin daka. Ya daɗe yana kallon kantar.

"Inna Rabi," ya ce, "ashe sau biyu za ta mutu."

Na ce masa ya tafi gida, amana a hannuna ya ba da, a hannuna zai karɓa.

Alhaji yana Maraɗi lokacin, wayarsa ba ta shiga. Na kira Abdulkarim, wanda ya bi Musa zuwa Lyon. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba, sannan ya yi mini bayani. Kayan ba su da takarda, ba suna, ba lamba, sai wasu zarurruka, shi kuwa abin da ba shi da takarda ba shi da mai shi. Ya riga ya cike takardar kwasa, ya ƙidaya kaya arba'in da ɗaya, ya sa hannu, ya aika musu da kwafi. Takardar da aka sa wa hannu ba ta taɓuwa. Abin da ya shiga keji ya mutu. Ya ce zai ba Malam Idi sabon rediyo mai faifai, kyauta. Na tambaye shi ko sabon yana zuwa da Hajara a ciki. Ya ce ban gane ba, magana ce ta tsari.

Lahadi na hau jirgin ƙasa. Ban iya karanta allon tasha ba, amma ina da baki, kuma faransancin kasuwa ya ishe ni tambaya. Na kwana wurin wata ƙawata, Litinin tun kafin a buɗe kanti na sa Musa ya fito mini da kujera, na dasa ta a bakin keji. Ta cikin ragar ƙarfen ina hango jan zarena, can ƙasa, ƙarƙashin wata fanka.

Abdulkarim ya iso da jakar takardu, ya gan ni, ya ce, "Inna, da wannan gwiwar?"

Na ce da ita.

Mai kwasa ya zo wajen ƙarfe tara, wani jibgegen Bature da safar hannu. Na gaya masa da bakina cewa akwai kayan amana bakwai a ciki. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi keji aka aiko shi ɗauka, abin da ke ciki tsakaninmu ne, amma mu hanzarta, yana da wasu kantuna. Abdulkarim ya shiga tsakani da takarda a hannu, yana nuna masa arba'in da ɗaya. Ya ce in aka cire bakwai lissafi ya karye, shi kuma ba zai sa sunansa a kan ƙarya ba. Baturen ya duba agogo.

Na tambayi Abdulkarim, a gaban kowa, ko takardar ta faɗi sunan kowane abu, ko yawansu kawai. Ya ce yawansu. Na ce to madalla, ai dokarku ɗaya da ɗaya ce.

Na tashi na shiga ɗan ɗakinsa na bayan kanti. Akwai injin kafe a can, na dafa kofi, baƙi mai sheƙi, wanda ya sayo da albashinsa na farko, ba ya barin kowa ya taɓa. Na zare wayarsa daga bango, na rungumo shi da ɗuminsa, na zo na sa shi cikin keji a hankali. Na koma na ɗauko fitilar tebur. Na koma na ɗauko fankarsa. Ina hanyar ɗauko na huɗu ya tare ƙofa.

"Inna, wannan injin lafiyarsa ƙalau. Yanzu na sha kafe da shi."

"Allah ya ji ƙansa," na ce. "Ya shiga keji."

Musa ya juya baya yana tari. Baturen ya nemi a fassara masa, da aka fassara ya zauna a kan matakalar kamiyonsa yana dariya har da share ido. Abdulkarim ya tsaya yana kallon injinsa ta cikin raga, kamar mai ziyarar ɗan'uwa a kurkuku. Can sai ya buɗe jaka, ya juya takardar, ya karanta bayanta a tsanake, ya ce ai yanzu ya tuna, tun da ba a ɗora kejin a mota ba, ana iya soke lamba a rubuta wata, a sa hannu a gefe. Baturen ya ce ai kullum haka ake yi.

Minti biyu bai cika ba arba'in da ɗaya ta zama talatin da huɗu. Takardar da ta ƙi motsi don muryar matar Malam Idi ta motsa don injin kafe. Shi da kansa ya naɗe hannun riga ya tono kayan bakwai, ina kiran masu su ɗaya bayan ɗaya daga zare: wannan na Hajiya Mariyama ne za shi Maraɗi, wannan na mai ɗinki ne. Injinsa ya fara cirewa, na lura.

Asabar ta gaba Malam Buba ya kwance rediyon, ya zaro kaset ɗin lafiya, ya naɗe abin da ya warware da alƙalami. Malam Idi ya ce a sa a gwada nan take. Na so in fita in ba shi wuri, ya ce in zauna. Muryar Hajara ta cika ɗakin baya. Ta gaishe shi, ta gaida mutanen Paris kaf, ta yi masa faɗa a kan rashin sa safa. Sannan ta ce butar lantarkin da ya aiko ta iso, tana da kyau, sai dai ya manta unguwarsu ba wuta, don haka gishiri take zubawa a ciki, kuma ba ya jiƙewa ko da damina. Malam Idi ya yi dariya har ta koma wani abu. Abdulkarim yana bakin ƙofa, ya ji duka.

Ba na cikin masu zagin dokar nan. Na ga yara a gida suna ƙona wayoyi don su ciro jan ƙarfe, na ji warin hayaƙin, na san wanda ya ce a tara a ware ba mahaukaci ba ne. Abin da na koya a sana'ar shi ne, doka ta san abin da ya daina aiki, amma ba ta san abin da aka gama da shi ba, wannan sai mai kaya. Na kuma koyi cewa duk wanda ya ce muku takarda ba ta taɓuwa, ba a sa nasa a keji ba ne tukuna. Saboda haka in mutum ya miƙo muku tsohon abu, kafin ku jefa a akwati, ku tambaye shi sau biyu, ku buɗe murfin ku duba.

Bayan wannan Abdulkarim ya buga wa kantar ajiya takardu masu kyau, da suna da lamba da kwanan wata. Da ya zo liƙawa suka ƙi zama a jikin roba, sai ya zo ya roƙe ni zare. Na ba shi ja da kore, na nuna masa ƙullin. Har na bar aiki shi yana karanta takardar, ni ina karanta abin da ya ɗaure ta.