Shekarar da Kaka Ta Tara Gishiri

Duk sa'ad da damina ta kankama, gishiri ya ja laima ya dunƙule a kwalba har sai na bubbuga ta kafin ya zubo, Kaka nake tunawa. Ba don girkinta ba, domin miyar Kaka, Allah ya jiƙanta, ba abin a ba da labari ba ce. Buhunan gishirin da ta jibge a ƙuryar ɗaki nake tunawa, a shekarar da aka ce duniya za ta sake yaƙi.

Gidanmu yana kusa da Ƙofar Kibo, babban gida mai sassa da yawa. Ni da Yaya a ɗakin Kaka muka tashi, mahaifiyar Baba, saboda tamu mahaifiyar ta rasu ina goye. Lokacin Yaya ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, ya yi tsawo, ba abin da ya iya sai ƙwallo da cin tuwo. Kaka ba ta kiransa da komai sai Maigida, tana cewa duk Zariya ba wadda ta yi rashin sa'ar miji kamarta, ba cefane sai miƙo kwano.

Da damina abin ya faro. Rediyo ya ce wata ƙasar Larabawa ta mamaye ƙaramar maƙwabciyarta, manyan ƙasashe kuma sun ce ba za ta saɓu ba, suna ta jigilar sojoji da jirage. Bayan la'asar zaurenmu yakan cika. Baba, da yake ma'aikacin gwamnati ne, ya ce man fetur ne tushen rigimar. Malamin maƙwabtanmu ya ce girman kan shugabanni ne. Baffana mai ɗinkin hula ya ɗora laifin kan iyakokin da Turawa suka shata. Kaka ba ta shiga zaure, amma ta sa aka kai mata kujera 'yar tsugunno bayan ƙofar ciki, tana sheƙa gero tana saurare.

Ita ba ta damu da wa ke da gaskiya ba. Ta ce mana wancan babban yaƙin, na lokacin tana budurwa, haka ya fara. Wata ƙasa a Turai ta yi ta mamaye ƙananan maƙwabtanta, manya suna lallashi, har suka gaji suka ba ta wa'adi. Mutanen birni suka ce ina ruwansu da faɗan Turawa. Ba a jima ba gishiri ya ɓace a kasuwa, aka koma shan miya lami. Bayan gishiri sai aka zo neman samari. Washegari ta sayar da akuyarta ta sa aka yo mata dakon gishiri, matan gida suna ƙunshe dariya.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai ga wasu ma'aikata sun shigo unguwa suna rubuta lamba da alli a bangon kowane zaure, wai shirin ƙidayar jama'a. Ko kwana lambar ba ta yi ba, Kaka ta fita da jiƙaƙƙen tsumma ta goge ta tas. Suka dawo suka sake rubutawa, ta sake gogewa. Har mai unguwa ya aiko wa Baba, kunya ta kama shi, ya zo ya durƙusa a bakin ɗakinmu.

Ya ce, "Inna, ƙidaya ce kawai. Ba mai ɗaukar kowa. Soja ma yanzu roƙo ake yi kafin a samu shiga."

Kaka ta ajiye faifan hannunta. Ta ce, "Wancan karon ma ba su ambaci yaƙi ba. Cewa aka yi kowane babban gida ya ba da mutum ɗaya. Gidan baffanmu cike yake da samari, amma kowanne uwarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Wana ne kaɗai maraya, ba shi da mai tsaya masa, shi aka miƙa."

Ranar na fara jin cewa Kaka ta taɓa yin wa. An ƙetare teku da shi, bai dawo ba, ba a ce ga kabarinsa ba. Ta dubi Yaya, ta ce wa Baba, "Wannan ma ba shi da uwa. Amma yana da ni." Baba ya sunkuyar da kai, ya tashi ya tafi.

Da rediyo ya ce an ba da wa'adi, Kaka ta yafa mayafi ta ce Maigida ya tashi. Za ta kai shi wani ƙauye bayan Kufena, gun ɗan ƙawarta manomi. Na zaci Yaya zai yi gardama, ga abokai ga ƙwallo. Ya kalli fuskarta kawai, ya shiga ya ƙulle kayansa. Da ƙafarta mai ciwo ta raka shi har can, da ƙunshin gishiri a matsayin tsaraba. Ni kuwa na sha kuka, don ban taɓa rabuwa da shi ba.

Cikin hunturu yaƙin ya ɓarke. Tun daga ranar Kaka ta mai da kujerarta bakin zaure, carbi a hannu. Duk baƙon da ya yi sallama sai ta ji abin da ya kawo shi, har mai karanta mitar wuta bai tsira ba. Yaƙin ya yi zafinsa ya ƙare a can inda ya faro, ba wanda ya zo neman kowa. Unguwa ta samu abin dariya, yara suna kiranta Kaka mai gishiri. Yaya ya dawo ya yi baƙi, hannuwansa duk kanta. Kaka ta juya su tana dubawa, ta ce ko banza mijinta ya koyi riƙon fartanya. Shi kaɗai ne a gidan ban ga ya yi dariyar abin ba a lokacin.

Gishirin nan ya kai har bikina, da shi aka yi girki. Yanzu zauren ya zama na siminti, an kafa masa lambar ƙarfe da ba tsumman da zai goge ta, muhawarar la'asar kuma ta koma cikin wayoyi. In aka ce manyan ƙasashe sun fara hararar juna, sai Yaya ya kira ni, da furfurarsa, ya ce, "Kin sayi gishiri?" Mu yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Akwai yaro a ɗakina yanzu, ɗan ƙanwar maigidana da ta rasu. Ban san abin da duniya za ta zo nema a gidan nan ba, ko da wane suna za ta zo. Amma duk wanda ya zo dominsa, ni zai fara tararwa a bakin ƙofa.