Kabewata ta haura katanga

Jama'a, yau kabewata ta fitar da ni kunya!

Tun farkon damina take yaɗo a tsakar gida, ganye kamar kunnen giwa, ɗa ko ɗaya babu. Da safe maiɗakina Hajiya ta ɗauko lauje ta ce, "Yau zan sare ta in shuka jirjir, ko ma samu ganyen salak."

Ina cikin roƙo sai ga maƙwabcinmu Ustaz Bashir, mutumin Khartum, yana nishi, rungume da kabewa kamar ɗan maraƙi.

Ya ce, "Ya Haj, zo ka kwashe 'ya'yanka kafin su karya min rakuba."

Ashe haura katanga ta yi, ta haihu a kan rakubar, wato rumfarsa!

Hajiya ta ajiye lauje a hankali ta ce, "Ai dama na ce ka ƙara mata taki."