Awarwaron Jan Ƙarfe

Duk ranar da na ji ƙaurin waya ta yi zafi, sai na tsinci kaina ina ɓoye hannun hagu a cikin zane. Na tsufa, amma abin bai sake ni ba.

Babana tsohon soja ne. Da ya dawo Zuru sai ya samu aikin tuƙa wani Bature mai duba gonaki. Motar ƙarama ce, ja, kujera biyu, ba rufi, a gindin ɗorawar gidanmu take kwana idan Baturen ya hau dutse da doki. Da wannan aikin muke ci, da shi kuma babana yake ɗaga kai a kasuwa.

Lokacin an gama girbin dawa, bikin Uhola ya matso, kowace yarinya tana da abin hannu sai ni. Wata rana ya buɗe gaban motar yana goge-goge, na hango wata waya ta jan ƙarfe, kitsattsiya kamar gashin amarya. Kwana uku ina zuwa da wuƙar kakata ina yankar zare-zare daga jikinta, har na murɗa su na yi awarwaro. Na bar kaɗan, wai don kada a gane. Ka ji wayon 'yar shekara tara.

Ranar da Baturen ya sauko zai tafi Ribah, motar ta ƙi tashi. Babana ya ja kik, abin tayar da inji, sai ƙas, shiru. Ya kunna fitila, ta kama. Ya danna ham, ta yi kuka, ya ce ba batir ba ne. Ya kwanta a ƙasa ya bubbuga kik ɗin da sifana, ya sake ja. Ƙas. Mutane suka taru, har da masu jin haushin ɗaga kansa.

Sai ga ƙauri. Ya bi shi da hanci, ya kai hannu kan wayar nan, ta ƙone masa yatsa. Ya daɗe yana duban bakin yankan. Sannan ya juyo, idonsa ya sauka a kan hannuna, inda awarwaron yake ta walƙiya.

Baturen ya tambayi abin da ya faru.

“Waya ce ta ruɓe, ranka shi daɗe,” in ji babana. “Ni ne ban duba ba.”

Samari suka tura motar ana dariya, har ta tashi. Baturen ya tuƙa abarsa, bai sake aikowa a kira shi ba. Babana ya koma gona har ƙarshen ransa.

Da yamma na je zan cire awarwaron ina kuka, ya riƙe hannuna. “Bar shi, 'yata. An riga an biya. Ki dai yi rawa da kyau.”

Na yi rawar, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Yanzu jikana maɓalli kawai yake dannawa mota ta tashi, in ta ƙi a jona mata na'ura ta faɗi mai laifi. Babana da hanci ya gano nasa mai laifin, ya kuma mutu bai faɗa wa kowa ba.