Na Kai Gangar Kawu Mantau Lome

Dakoro

Ana kiran assalatu na fito daga gidan Kawu Mantau da gangarsa a rataye, naɗe cikin tsohon zane. Bai yarda ta kwana a shagona ba, wai warin mai da tayoyi zai ɓata mata murya. Ni Sanusi gyaran moto ne sana'ata. Kiɗa kuwa ɗan abin da na tsinta ne a gindinsa ina yaro, wanda shi kansa yake cewa bai isa korar tsuntsu daga gona ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tun ban yi wayo ba, duk ranar da ƙungiyar ƙasarmu za ta buga ƙwallo a gida, sai ya sayar da ɗan akuya ya rataya gangarsa ya hau mota sai Yamai. Yana da takensa guda, wanda in ya buga jama'a ke amsawa da baki: "Baƙo bi a hankali, masu gida na nan." Sai ga shi masu duba filaye sun ce filinmu bai cika sharaɗi ba, aka mai da wasanmu na gida ƙasashen mutane. Ranar da aka ce wannan karon Lome za a buga, gidan kallo na bakin kasuwa ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ba fushi muka ji ba, kunya ce, irin ta wanda ya ari zauren maƙwabci don ya karɓi baƙinsa.

A lokacin ciwo ya riga ya kwantar da Kawu, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai da dabara. Ya aika ɗiyarsa Balki, taubashiyata, ta kira ni.

"Ka tahi da ita Lome," in ji shi, yana nuna gangar. "Za a kawo mini akwatin tele nan ɗaki. In ban ji muryatta ba, to ba gida anka buga ba. Kuma kada ka sa ta bisa mota cikin kaya. Ba ta saba ba."

Balki ta raka ni ƙofa tana cewa an ba kura ajiyar nama, ni da ko Ƙonni ban taɓa wucewa ba. Amma da za ta juya sai ta rage murya ta ce, "Ka yi ƙoƙari ya ji. Ba na tsammanin zai ga wani wasan."

Maraɗi zuwa Gaya

Motar farko ta bar tasha da ƙarfe shida, muka bi ta Kornaka, hatsi a gonaki ya fara nuna. Kafin hantsi ya ɗaga muna Maraɗi. A nan na fara rigima da mai yankan tikiti na babbar mota, domin na ce ganga ba za ta shiga cikin kaya ba. Ya ce to sai dai in saya mata kujera. Na saya, na zaunar da ita jikin taga. Fasinjoji suka yi ta zolaya, wani ya nuna gangar ya ce a tambayi Alhaji ko iska ta yi masa yawa.

A shingen jandarma na bayan Ƙonni aka sauke mu don duba katin shaida. Wani jandarma ya leƙa mota, ya ɗaga zanen, ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa. Ta amsa masa da wata irin murya mai kauri, har gilashin taga ya ɗauka. Ya janye hannu, ya dube ni.

"Ta wa ce?"

"Ta kawuna ce. Lome zan kai ta, wurin wasa."

"Wasan namu na gida?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya kai ku lafiya."

A Dogon Dutsi muka tsaya salla da cin abinci. Na je wurin wata tsohuwa mai shinkafa da wake na ce ta zuba mini. Ta zuba kwano biyu. Na ce ɗaya na ce. Ta nuna motar da haɓa ta ce, "Tsohon da ke wurin taga fa? Tun da kunka tsaya shina kallon tukunyata." Na waiwaya. Babu kowa a wurin sai ganga cikin zanenta. Na ce a raina idon tsufa ne, na ci nawa, amma abincin bai yi mini daɗi ba.

Mun wuce Doso rana ta yi sanyi, muka isa Gaya bayan isha'i. Na kwana a rumfar tasha, tabarmar haya, sauro kamar an aiko su.

Kogi

Gadar kan iyaka a rufe take, saboda haka da safe ɗan kabu-kabu ya kai ni bakin kogi, inda kwale-kwale ke ƙetarar da mutane. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan wannan ba. Mu mutanen Dakoro ruwanmu yana ƙarƙashin ƙasa ne, sai an ja igiya har tafin hannu ya yi kanta.

Mai jirgin, wani baƙin dogo mai Hausar ƴan kogi, ya tare ni da sandar tuƙi.

"Kife ta. Ba a ƙetarewa da ganga fuskarta a sama. Ruwa na jin kira."

Na kwantar da ita a cinyata na rufe fuskar da hannu biyu. Muna tsakiyar kogi, babu mai magana, sai ƙarar inji, na ji fatar tana rawa a ƙarƙashin tafina, a hankali, tana yi tana tsayawa. Na ce girgizar inji ce. Da muka kusa gaɓa ya kashe injin, jirgi na tafiya da kansa, ita kuwa ba ta daina ba sai da muka taɓa ƙasa.

Da na miƙa masa kuɗin mutum ɗaya ya tsaya yana duban bayana, sannan ya karɓa ya sa aljihu. Da ya yi mini rigima da na fi jin daɗi.

Malanbil zuwa Kwatano

Daga Malanbil, garin da ke ƙetaren kogin, tafiyar yini ce cur da ɗoriya. Ƙasa ta yi ta sauya kama, gawo da aduwa suka ɓace, itatuwan da ban san sunansu ba suka rufe hanya. A Paraku na ci sakwara da miyar gyaɗa, na buga wa Balki waya. Ta ce Kawu ya sha kunu, kuma ya ce a tambaye ni ko ina shanya gangar. Ban gane nufinsa ba, na ce ta ce masa e.

Sai da muka kusa Kwatano na gane. Iskar can jiƙaƙƙiya ce, riga na manne wa mutum ko bai yi aikin komai ba. Na sa hannu cikin zanen na taɓa fatar, na ji ta yi laushi kamar kunnen akuya. Fatar da aka ɗaura a Dakoro, wadda ba ta san komai ba sai rana da busasshiyar iska, ta sha raɓar teku ta saki.

Lome

Na sauka wurin Alhaji Usmanu, mutumin Korahane ta yankinmu, da ke sayar da albasa a can shekara da shekaru. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka yi mini tuwon hatsi don kada in yi kewa. Da ya ga gangar ya gane ta nan take, ya ce ya sha tsayawa bayanta a Yamai yana saurayi.

Safiyar wasa babu rana, sama ta yi toka. Muka kai gangar wurin wata mai gasa masara, na yi ta juya ta bisa garwashi. Ta ɗan ɗaure, na buga ta amsa, raina ya yi fari. Kafin mu isa fili yayyafi ya sauko, ta koma yadda take.

Filin kuwa ba shi da laifi, ciyawa shar, fitilu, kujeru masu launi. Abin da babu shi ne mutane. Mu ƴan ƙasa, ƴan albasa da masu shayi da ƴan makaranta, ba mu cika kusurwa ɗaya ba. Duk sauran kujerun wayam. Mai lasifika ya yi sanarwa cewa mu ne masu masaukin baƙi, muryarsa ta zaga fili ta dawo masa. Da aka sa taken ƙasa muka rera, amma muryoyinmu ba su kai tsakiyar fili ba. Kana jin ɗan wasa yana kiran ɗan'uwansa, kana jin takalmi na dukan ƙwallo, har tarin alƙalin wasa na ji. A Yamai ko kukan kanka ba ka ji. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Wanga ba wasa ba ne, zaman makoki ne da anka yi wa fitila."

Na cire zane, na rataya, na ɗauki gula na buga taken Kawu. Abin da ya fito kamar ana dukan katifa. Na ƙara ƙarfi har kafaɗata ta ƙage, a banza. Yaran da ke gabana suka waiwayo, suka kau da kai don kada in ji kunya. Ina ta tuna tsohon yana kwance, kunnensa na wurin tele, yana jiran abin da na kasa ba shi. Da aka tafi hutun rabin lokaci na ajiye ta a kujerar da ke gefena, na sa gular cikin aljihun rigata. Hawaye na yi, ba zan ɓoye ba.

An dawo ba da jimawa ba muka ji shi. Daga farko can ƙasa-ƙasa, kamar daga kujerun da ke fuskantarmu, inda babu ko kare. Sannan ya cika filin. Taken ne, babu kuskure, har da ɗan jinkirin nan da Kawu ke yi kafin bugu na ƙarshe, wanda na yi shekaru ina koyo ban iya ba. Mutane suka juyo gare ni suna murna, suka ga hannuwana a kan gwiwa. Murnar ta tsaya a fuskokinsu. Alhaji Usmanu ya kama hannuna.

"Sanusi, wa ke bugu?"

Na miƙa hannu na taɓa gangar. Fatar ta ɗaure tam, da ɗumi, kamar ta yini a ranar Dakoro.

Dattijon nan ne ya fara amsawa: "Masu gida na nan." Sai na kusa da shi, sai mu duka. Na ga mai tsaron gidanmu ya waiwayo ya ɗaga mana hannu. Yadda wasan ya ƙare kun sani, kun gani a tele. Ni abin da na sani shi ne kiɗan bai tsaya ba sai da aka busa tashi, kuma da na sake taɓa fatar ta koma kunnen akuya.

A bakin ƙofar fili na kira Balki, ba ta ɗauka ba. Washegari ta ɗauka ta ce kowa lafiya, in dai taho a hankali. A wurinmu ba a faɗa wa matafiyi mutuwa yana kan hanya. Na san wannan sarai, amma na hana zuciyata ta sani.

Komawa gida

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Na sake saya mata kujera, babu wanda ya zolaye ni. Mai jirgin nan na Gaya shi ya ƙetarar da ni, bai ce in kife ta ba, bai kuma dubi bayana ba. A Dogon Dutsi na je wurin tsohuwar da gangan. Kwano ɗaya ta zuba.

Na shiga Dakoro da la'asar. Tun daga tasha samarin gidan kallo suka yanyame ni, wai ashe haka na iya na ɓoye, wai kiɗan ya fito a tele har ya danne muryar mai sharhi. Na ce ba ni ba ne, suka ce kunya ce. Da na karya kwanar gidan Kawu na hangi tabarmi a ƙofa da dattawa zaune.

Bayan na yi gaisuwa na shiga ciki. Balki na zaune a ƙofar ɗakinsa. Na ajiye gangar a gabanta na ce, "Ya ji?"

"Kahin hutu ya ji ka," ta ce. "Ya yi tsaki ya ce, yaron ga ya bari ruwa ya shiga hwata. Da anka dawo sai ya ce in tada shi zaune, in miƙo mishi ita. Na ce Baba, ai tana Lome. Ya ce ya sani." Ta share ido da bakin gyale. "Sai ya kama bugu bisa ƙirjinai da hannu. Na riƙe hannun, ya hizge. Bai bari ba sai da anka tashi. Ya ce to, yau a gida munka buga. Kahin magariba ya cika."

Na zauna a ƙasa. Ta kwance zanen, ta shafa fatar, wadda iskar hanya ta riga ta busar.

"Ya bar maka ita," ta ce. "Ya ce ranar da wasa ya dawo Yamai ka kai ta, ko ba ka iya ba."

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Alhaji Usmanu da iyalinsa, da mai gasa masarar da ta ba ni garwashinta ba ta san ni ba. Allah ya jiƙan Kawu Mantau. Gangar tana rataye a ɗakina, nesa da mai da tayoyi. Duk ranar wasa ina fitar da ita rana tun da hantsi, in ajiye ta kan kujerar da ke gefena a gidan kallo, kuma har yau ko ba ta nan babu wanda ya taɓa zama a kujerar.