Ɗigo Uku a Bututun Tifar Hajiya

Laraba: Makera zuwa Gonin Gora

Na bar gidana a Makera ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, da tsohuwar jakar sifanonina a kafaɗa. Shekara shida ke nan da na ajiye kanikanci, gwiwa ta hana ni shiga ƙarƙashin mota. Wanda ya fito da ni Bulus ne, ɗan marigayi Yohanna, abokin aikina a garejin masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Bulus direban tifa ne, 'ya'yansa biyar. Sau biyu cikin shekara guda injin motarsa ya sha ruwa a inda suke ɗibar yashi a bakin kogi. Mai motar, Hajiya Asabe, mai gidan bulo a Mahuta, ta ce gangancinsa ne. Ta gyara injin a karo na biyu, ta ce zuwa yammacin Alhamis ya kai mata mota da makulli, ta samu wani direba. Fatan Bulus shi ne in muka yi wa motar dogon bututun shaƙar iska, ya shiga ruwan ya fito lafiya da lodi, ko za ta sassauta.

An kwana ana ruwa. Mai keken da na tsayar a bakin titi ya ce ɗari bakwai zuwa inda ake hawa bas.

"Shekaranjiya ɗari huɗu na biya," na ce.

"Shekaranjiya an yi ruwa, Baba?"

"Ruwan naka ne da za ka sayar mini?"

Muka daidaita a ɗari biyar, ina ta mita har na sauka. Bas ya sauke ni a Gonin Gora ƙarfe shida da kwata, tafiyar kamar kilomita takwas. Bulus na tsaye kusa da tifar a bayan wani gidan mai, idanunsa jajur.

Na durƙusa da ƙyar na leƙa. Bututun da injin ke shaƙar iska da shi, wanda asali dogo ne, yana bin bayan kan mota har ya wuce rufi, wani ya yanke shi. Saura guntu kamar kamu biyu, bakinsa na kallon ƙasa a bayan tayar gaba. Ruwa in ya rufe taya, injin ya kurɓa. Raina ya ɓaci.

"Wane jakin ne ya yi wannan? Wannan ai ba bakanike ba ne, mahauci ne! Allah ya isa!"

"Haka aka sayo ta, Baba," in ji Bulus. "Da can bulo da jar ƙasa take ɗauka a kan titi. Bara Hajiya ta saya ta sa ta aikin yashi."

Na sa tsumma na goge taɓon da ke bakin guntun don in ga irin yankan. A ƙarshen waldar da aka yi wa bakin akwai ɗigo uku a jere, kamar ƙwayar wake. Duk wanda ya san aikina a da ya san haka nake rufe walda. Ni ne jakin.

Gara in faɗa muku yadda aka yi. Bayan an rufe masaƙa na buɗe gareji a bakin hanya. Nakan gaya wa masu tifa cewa dogon bututu yana shaƙe injin, in an gajarta shi mota za ta fi jan tudu. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce. A al'adar gareji, abin da aka cire daga mota na bakanike ne. Bututun nan ƙarfe ne mai kyau, da shi nake yi wa wata motar salansa. Wasu har godiya suke yi mini.

Bulus ya ce, "Baba, lafiya? Ka yi shiru."

Na ce, "Gwiwa ce." Na kwance guntun na jefa a jakata.

Gonin Gora zuwa Kakuri

Muka sha shayi da burodi, muka tashi da tifar ƙarfe bakwai da rabi. Ba mu yi kilomita uku ba wasu matasa masu riga mai ƙyalli suka jawo katako mai ƙusoshi suka shimfiɗa a gabanmu. Bulus ya miƙa takardu guda huɗu. Babbansu ya jujjuya, ya ce babu ta jiya.

"Jiya motar tana gareji, oga."

"Ita takardar ma tana gareji?"

Na leƙo ta taga na ce, "Kai yaro, ba ka jin kunya? Mutum ya fito neman abincin 'ya'yansa, ka tare shi da ƙusa?"

"Baba, koma ciki kada iska ta ɗauke maka hula."

Minti ashirin muka ɓata a wurin kafin su janye katakon.

A Kakuri muka tsaya shagon kayan mota neman matatar iska, wadda 'yan gareji ke kira filta. Mai shagon, wani matashi mai sarƙa a wuya, ya fito da ita cikin sabon kwali, ya ce dubu ashirin da takwas. Na zaro ta na sansana. Ƙamshin garin sabulu. Na ɗaga ta a rana, sai ga huji biyu haske na ratsowa. Tsohuwa ce aka wanke, aka fesa wa bakinta fenti.

"Ka san abin da wannan za ta yi wa injin?" na daka masa tsawa. "Yashi zai bi ta hujin nan ya cinye fistin. Motar mutane ta mutu, a kori direba, kai kana nan kana kaɗa sarƙa!"

Bai ji haushi ba. Dariya ya yi. "Baba, da ganinka tsohon hannu ne. In ba ka taɓa wanke irinta ba, ya aka yi ka san a sansana?"

Bulus ya yunƙura zai yi masa rashin mutunci, na riƙe shi. Mai shagon ya shiga ciki ya fito da ta gaskiya. Muka sayi tiyon roba mai kauri da kilif na ɗaure shi guda shida, muka tafi. Har muka hau titi ban iya kallon Bulus ba.

Kudenda

Mun isa Kudenda ƙarfe goma sha ɗaya saura. A bayan tsofaffin masana'antu akwai masu sayar da ƙarafan da aka kwance. A can muka samu bututu mai faɗin inci huɗu, tsawon ƙafa bakwai, da gwiwar bututu biyu. Muka kai wa Ɗanlami mai walda, wanda rumfarsa ke kusa da gidajen ma'aikata.

Da Ɗanlami ya ga inda aka yanke tsohon, ya riƙe baki. "Wanda ya yi wannan, ko a lahira kada a ba shi sifana."

"Amin," in ji Bulus.

Ni ma na ce amin. Allah ya yafe mini.

Ga yadda muka tsara aikin, ko wani zai amfana. Bututun ya tashi daga gidan filta, ya karya gwiwa, ya miƙe a bayan kan mota har ya zarce rufi da kamu ɗaya. A jikin kan mota ake ɗaure shi, ba a jikin bodi ba, don bodin tifa ɗagawa yake yi. Tsakaninsa da gidan filta kuwa dole roba, saboda injin rawarsa daban, kan mota rawarsa daban, in ka haɗa ƙarfe da ƙarfe sati ɗaya ya tsage. A sama muka yi masa hula da tsohon kwanon silba, muka sa raga, bakin na kallon baya don ruwan sama.

Ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta. Janaretan Ɗanlami ya ƙi tashi. Muka zauna muna cin gasasshiyar masara muna zagin duk wanda ya zo bakinmu. Ƙarfe huɗu hadari ya haɗo, ruwa ya goce. Muka bar motar a wurin, muka bi bas.

Bulus ya ce ba zan koma Makera a jiƙe ba, sai dai in kwana gidansa. Da na kira mai ɗakina na gaya mata, ta ce, "Gonin Gora za ka kwana, Malam?" Na ce gidan ɗan Yohanna ne. Matar Bulus, Maman Rahila, ta kawo mini faten tsaki mai zafi da yakuwa. Ta ajiye sabuwar buta da tabarma, ta nuna mini gabas. Ta ce, "Baba, Allah ne ya kawo ka. In aikin nan ya tafi, ban san inda za mu sa kanmu ba." Faten ya yi daɗi, amma kaina a ƙasa na ci shi.

Alhamis: Kudenda zuwa bakin kogi

Ƙarfe bakwai muna rumfar Ɗanlami, wuta ta dawo. Da aka zo waldar ƙarshe, ta maƙalin sama, na ce ya ba ni in ɗana, hannuna yana ƙaiƙayi. Na ja layi ya tafi sumul. Da na ɗaga gilashi, sai na ga hannun nan nawa ya rufe da ɗigo uku, ban ko sani ba.

Bulus na tsaye a kaina. Ya dubi ɗigon. Ya dubi jakata, inda guntun yake. Jiya da safe yana gefena lokacin da na goge shi. Ya juya ya shiga mota.

Muka gwada aikin yadda ake gwadawa. Injin na aiki a hankali, Ɗanlami ya hau sama ya kifa katako a bakin bututun. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Ma'ana babu inda iska ke satar hanya, kuma inda iska ba ta shiga ba ruwa ba zai shiga ba.

Ƙarfe goma da rabi muka gangara wurin yashi, tafiyar minti goma sha biyar a hanyar taɓo. Kafin tudun da ake lodi akwai wani rafi da ke shiga kogi, nan ne motar ta mutu sau biyu. Masu shebur suka taru suna ihu, "Ga mai shayar da mota ya dawo! Bulus, yau shayi za ka ba ta?" Ya sa giya ɗaya ya shiga. Ruwa ya rufe taya, ya taɓo matakala. Ina riƙe da ƙofa ina salati. Injin bai ko canja murya ba. Aka yi lodi, muka sake ratsowa. Masu shebur suka yi ta buga bodi. Bulus bai yi murmushi ba.

Mahuta

Da lodi a bayanmu, ga cunkoson Sabon Tasha, sai ƙarfe uku da minti goma muka shiga gidan bulon. Hajiya Asabe na zaune a ƙarƙashin rumfar kwano, ma'aikata na buga bulo. Bulus ya juye yashi ya zo ya rusuna. Ta zagaya motar, ta ɗaga kai ta kalli bututun da hularsa ta kwano.

"Sannu da aiki, Baba. Ya yi kyau. Sabon direba zai ji daɗinsa." Ta miƙa wa Bulus hannu. "Makulli."

"Hajiya, ta shiga ruwan ta fito," in ji shi.

"Tifa nawa ke shiga wurin nan kullum? Taka kaɗai ke mutuwa. Injin biyu, Bulus! Ba gadonsu na yi ba."

Wannan magana ta ƙona mini rai, mutum ya yi shekara yana shiga ruwa dominta, ko zama ba ta ce ya yi ba. Na jira Bulus ya nuna ni. Kalma ɗaya ta ishe shi. Sai na ga ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli, ya ɗora a tafin hannunta. Ɗan Yohanna zai koma gida ba aiki don kada ya kunyata abokin ubansa.

Na zazzage jakata a gabanta, guntun ya faɗo.

"Hajiya, sauran tifofin bututunsu dogo ne. Taki an yanke mata, wannan ne ya rage, kuma ta nan ta sha ruwa. Ko wa kika ba motar nan sai ya kashe ta. Ni na yanke shi, shekaru da yawa da suka wuce, na yi salansa da sauran na sayar."

Ta yi tsaki. "Don ɗan abokinka ne za ka ɗora wa kanka?"

Na nuna mata ɗigo ukun da ke jikin guntun. Na ce ta sa a duba maƙalin sama, wanda na yi da safe. Wani ma'aikaci ya hau, ya leƙa, ya ɗaga yatsu uku.

Abin da Hajiya ta gaya mini a gaban ma'aikatanta ba zan rubuta shi duka ba. Ta ce da furfurata da carbina. Ta ce injin biyu na ci mata. Ta ce kwana biyu ina cin abincin yaron nan ina kallonsa. Na tsaya hula a hannu, domin babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da ta gaji, ta wurga wa Bulus makulli, ya cafe.

"Gobe sahu uku nake so. Kuma ka kwashe mini tsohon nan daga nan."

Mahuta zuwa gida

Mun baro ƙarfe huɗu da rabi. Muka wuce Sabon Tasha. Sai a wajen Kakuri Bulus ya ce, idonsa na kan titi, "Baba, guda nawa ka yanke?"

Na ƙirga a yatsu. "Waɗanda na tuna, tara."

"To saura takwas," in ji shi.

Ya sauke ni a bakin layinmu ƙarfe shida saura kwata, ya ce in gaida Mama.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya, ya kuma ba ni ran da zan faɗi wannan da bakina. Na gode wa Ɗanlami, na gode wa Maman Rahila da fatenta. Hajiya ma na gode mata. Bulus kuwa ban san kalmar da zan yi masa ba. Ku kuma masu karatu, duk mai tsohuwar tifa a garin nan ya durƙusa ya leƙa bayan tayar gaba. In ya ga guntun bututu mai ɗigo uku, kada ya shiga ruwa da ita. Ya zo Makera ya tambayi Baba Isiyaku bakanike. Bututu da walda duk a wuyana.