Lambun Kulu na Tsofaffin Kwanuka

Duk wanda ya zauna a unguwar bayan kasuwar Anka a shekarun nan ya san gidan Ummukulsum, wadda ake kira Kulu. Ba wani babban gida ba ne. Gidan haya ne mai ɗaki biyu, tsakar gidansa ba ta wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, kuma an daɓe ta da siminti kaf. Ganye ne ya sa aka san shi. Daga bakin zaure har gindin katanga sai ka duba kafin ka ajiye ƙafa: ga alayyafo a fanteka mai ɓuli, ga yakuwa a rabin jarka, ga albasa a langar da murfinta ya ɓata, ga na'ana'a a butar alwala da ta daina riƙe ruwa. Har tsohuwar tayar babur ta sami aikin rainon tumatir.

Abu na biyu da aka san Kulu da shi kuwa zargi ne. Matan unguwa sun gane tana son tsofaffin kaya, to duk wadda kwanonta ya huje sai ta kawo mata, tana tsammanin godiya. Ina! Kulu za ta karɓa ta juya shi, ta shinshina, ta kankare gindinsa da farce, sannan ta kafe mai kyautar da ido.

"Daga ina yaf fito? Mi anka taɓa zubawa ciki? Wa yat taɓa aro nai?"

In kika yi in-ina a tambaya ɗaya, da kwanonki za ki koma gida. Shi ya sa suka laƙaba mata Alƙaliyar Kwanuka. Ta san suna faɗa, ko a jikinta.

Masu yi mata dariya yawancinsu ba su san daga inda ta fito ba. Kulu 'yar ƙauyen Duza ce. A shekarun da zinari ya ruɗa ƙauyukan yankin, mijinta Lirwanu na cikin masu kwaso dutse daga rami a buhu su kawo gida. A tsakar gida ake farfasa shi, a daka, a kai injin niƙa, ƙurar ta kwanta a ƙasa inda yara ke rarrafe. Babu wanda ya ɗauke ta a bakin komai. A shekarar 2010 yara suka fara mutuwa. Ɗanta na fari, Sufyanu, yana da shekara uku. Ya fara da amai, ya koma jijjiga, kwana biyu aka kai shi makwanci. Bayan haka likitoci suka zo suka ce dalma ce a cikin dutsen, gubarta ce ke cin yaran. Ma'aikata suka bi gida gida suna kankare ƙasar tsakar gida suna kwashewa, suka tafi da turame da buhunan da dutse ya taɓa. Tun daga ranar da Kulu ta ga ana loda ƙasar gidansu a mota kamar kayan annoba, ta daina yarda da ƙasa, ta kusa daina yarda da mutane.

Ɗiyarta Zubaida tana goye a lokacin. An auna jininta an sami gubar, amma Allah ya yi da sauran kwana. Saboda maganinta suka dawo Anka kusa da asibiti. Lirwanu ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya bar harkar dutse, ya kama aikin buga bulo. Kulu da kanta ta zaɓi gidan nan, don simintinsa kawai.

To amma 'yar manoma ce, hannunta ba ya zama haka nan. Ga shi kuma ganyen kasuwa ba ya shiga tukunyarta, don ba ta san ƙasar da ya tsira a kai ba. Wata rana fantekar wanke-wankenta ta huje, ta ɗaga za ta yar, sai ta tsaya tana kallon hujin. Daga nan lambun ya soma. Jibo mai jaki ne ke kawo mata ƙasa daga fadama, kuma ranar farko sai da ta yafa hijabi ta bi shi a ƙafa har inda yake tona, yana tafe yana ƙunƙuni. Buhu kuwa ko sabo ne ba ya shiga gidanta. Matar maƙwabcinsu Lado ta taɓa kawo mata robar wanka mai kyau, tsaguwa ɗaya kawai gare ta, Kulu ta mayar mata a take, saboda Lado sayen zinari yake yi. Suka yi wata biyu ba su gaisa ba.

Shekara uku ana haka, Zubaida na girma, 'yar duma-duma mai surutu. Lokaci lokaci ana ɗibar jininta a asibiti, kullum lambar gubar sauka take yi. Malama Evelyn, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ke duba ta tun tana jaririya, har cewa take, "Da duk iyaye irin Kulu ne, da na koma gida na huta." Kulu ba ta murmushi a gaban mutane, amma wannan magana tana yi mata daɗi ƙwarai.

Da damina ta kama a shekara ta uku, Inna, mahaifiyar Kulu, ta rasu a Duza. Bayan sadakar arba'in aka aiko wa Kulu da rabonta a bayan babur: tasoshi, tukunya, faifai biyu, da wani tsohon turmi da ya tsage daga baki har kusan gindi. Sauran kayan duk sun sha tambayoyi, biyu ma an mayar da su. Turmin kaɗai ba a tambayi komai a kansa ba. Duk Duza an san Inna ba ta taɓa bari dutsen zinari ya ƙetare ƙofarta ba, tun kafin a san yana kisa, don ita a ganinta abincin da ba a noma ba bai da albarka. Kulu ta rungume turmin ta yi kuka mai isarta, ta cika shi da ƙasar Jibo, ta dasa tattasai, ta ajiye shi a inuwar ƙofar ɗakinta. Zubaida ta ce wannan nata ne. Kullum tana gindinsa da tsohon cokali, tana tono tana shayar da shi ruwa da murfin kwalba.

Wata huɗu bayan haka aka ɗebi jini, lambar ta hau. Ba ta yi hawan da za a kwantar da yarinya ba, amma ta hau.

"Kulu, akwai inda take samun ta," in ji Malama Evelyn. "Kuma yaro mai shekara huɗu a gida yake samu. In ba mu gano ba, hawa za ta ci gaba da yi. Ranar Alhamis za mu zo da na'urar awo."

Kulu ta fito daga asibiti cike da tsoro. Ta san inda hawan nan ke ƙarewa, ta taɓa ganin ƙarshensa da idonta. Kafin ta isa gida tsoron ya rikiɗe ya zama fushi, fushin kuma ya shiga neman mai laifi.

Jibo ya fara sha. Ta tare shi a ƙofa ta ce ya faɗi gaskiya, ko ya gaji da tafiya fadama ya koma ɗibar ƙasa a bayan gari. Jibo ya rantse, ya sake rantsuwa, ya ja jakinsa ya ce shi da gidan nan sai a lahira. Ta koma kan katangar Lado, ta wuni tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar guduma. Da ba ta ji ba, ta ce ai mai wayo ne, a hankali yake yi. Ta kwashe duk shukar da ke jikin katangar ta cusa su a ɗaya gefen.

Daga nan idonta ya faɗa kan Lirwanu. Kullum da farar ƙura yake dawowa a riga da gira. Shekara uku tana ganin ƙurar nan tana kiranta siminti, yanzu kuwa sai ta ga kamar launinta ya sauya. Ta tuna ya sayo wa Zubaida takalmi ba salla ba. Ta tuna ranar Talata ya yi yamma bai dawo ba. Ta zazzage aljihunsa, ta sami ɗan tsakuwa, ta ƙulle a bakin zane. Ranar Laraba da la'asar, yana shigowa ta tsaya masa a bakin zaure ta kwance ƙullin.

"Malam, mi na wanga?"

"Tsakuwa ta, Kulu. Bulo nika bugawa."

"Ka koma ga dutse. Hwaɗa min gaskiya."

Lirwanu mutum ne mai sanyi, irin wanda sai ya gama tauna magana kafin ya fitar da ita.

"Ni nis sa Sufyanu cikin kabari da hannuna," ya ce. "Kina ganin in koma?"

"Gobe na'ura za ta hwaɗi. In kai na, wallahi in ɗauki ɗiyata in bar maka gida, ko Zugu ce in tai wurin kawuna."

Ya cire rigar ya rataye a ƙusa a zaure, ya ajiye takalmansa a ƙarƙashinta, ya ce kada a wanke.

Alhamis da hantsi Malama Evelyn ta zo tare da wani ma'aikaci riƙe da na'ura mai hannu, wadda ake dafa bakinta a jikin abu ta nuna lamba. Kulu ta ce da riga za a fara. Aka dafa a riga, aka dafa a takalmi, aka dafa a tsakuwar. Ma'aikacin ya girgiza kai, babu komai. Lirwanu yana tsaye jikin bango bai ko ɗago ba. Kulu ta ji kunya ta taso mata, ta danne ta, ta ce to a auna katangar Lado. Babu. Aka bi fanteka, aka bi jarkoki, langa, buta, taya, ɗaya bayan ɗaya, ma'aikacin na tsallake ganye yana haɗa gumi. Ƙasar Jibo tsaf take.

"Ban taɓa ganin gida mai tsabtar wannan ba," in ji shi, yana shirin mayar da na'urar a jaka.

Malama Evelyn kuwa Zubaida take kallo. Yarinyar na zaune a gindin turmi, ta zura cokali cikin tsaguwar tana ƙwaƙulo wani abu fari-fari, ta lakata da yatsa ta kai baki.

"Wancan fa?" in ji Malama Evelyn, tana nuna turmin.

"Turmin Inna na," in ji Kulu da sauri. "Inna ba ta taɓa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ma'aikacin ya riga ya durƙusa ya dafa na'urar a bakin tsaguwar. Ya duba, ya sake dafawa a wani wuri, ya ɗago ya kalli Malama Evelyn. Ita kuwa ta sunkuya ta ɗauke Zubaida cak, ta ƙwace cokalin, ta nemi ruwa da sabulu.

"Wannan an daka dutse a cikinsa," in ji ma'aikacin. "Da yawa ma. Ya shige cikin icen."

"Ba shi yiwuwa," in ji Lirwanu. "Kowa ya san Inna."

Kulu dai tsaguwar take kallo. Ta san ranar da aka yi ta. Shekara guda kafin mutuwar yara, Inna ta tafi Gummi ta'aziyya ta yi mako biyu. Injin niƙa ya lalace, dutse ya taru, Lirwanu na can rami, turminsu ɗaya ya yi kaɗan. Kulu ta shiga gidan Inna ta mirgino nata. Kwana tara tana daka a ciki, ranar ta goma ya tsage. Ta wanke shi da toka sau uku ta mayar inda yake. Da Inna ta dawo ta yi ta faɗa tana tambayar wa ya tsaga mata turmi, Kulu ta ce ƙila rana ce. Inna ta jefa shi bayan rumbu, shi ya sa masu kwashe turame ba su gan shi ba. Kulu ba ta manta ba. Ta dai gaya wa kanta toka ta wanke, ta rufe zancen, har ya zamana ko a zuciyarta ba ta ɗaga shi.

Da ta yi shiru, da an ce wani ne ya ara a ɓoye, kuma da kowa ya yarda. Ta kalli rigar da ke rataye a zaure.

"Malam," ta ce wa Lirwanu. "Ni nid daka dutse cikinai. Inna ba ta sani ba har ta mutu. Na tambayi kwanon kowa, na tuhumce ka, shi ko na san amsa tai, shi yas sa ban tambaya ba."

Malama Evelyn ta ci gaba da zuba wa hannun Zubaida ruwa. Lirwanu ya ce, "Ni nik kawo dutsen gida, Kulu."

Ma'aikacin ya fito da babbar leda. Lirwanu ya kama masa suka sa turmin a ciki har da tattasan, suka ɗaure. Zubaida ta fasa kuka tana cewa lambunta ne, a ba ta abinta. Malama Evelyn ta ce tunda an gano, a sake kawo ta awo bayan wata guda, da yardar Allah lambar za ta sauka.

Kulu ta karɓi ɗiyarta ta riƙe gam. A kan siminti, inda turmin ya zauna, an bar zagayen danshi, da wurin zaman yarinyar a gefensa. Ta daɗe tana kallon wurin. Saboda kunyar ɗan fari, Kulu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta da ya rasu ba, yana raye ko bayan ya tafi.

"Sufyanu ma," ta ce, "kwana taran nan dut, nan gindinai yaka zama."